Madugu Isiyaku, Shugaban Mawaƙan da Ba Ya Waƙa

Duk wanda ya zauna a unguwar Darrasa ta Alƙahira a shekarunmu ya san marigayi Madugu Isiyaku ba ya gaisuwa irin ta mutane. In ka yi masa sallama zai amsa, wannan kam wajibi ne, amma kafin ka kai ga "ina kwana" yatsunsa biyu sun riga sun sauka a maƙogwaronka.

"Ce aaa."

Kana tsakiyar titi, Misirawa na wucewa da burodi a ka, kai kuwa ka wangale baki kana "aaa" kamar an kai ka asibiti. Sai ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya, ya yanke maka hukunci.

"Ruwan rake. Mai ƙanƙara. Jiya bayan Azahar."

Kuma wallahi haka ɗin ne! Har yau ban san yadda yake ganewa ba. Abokinmu Bashari ya sha rantsewa cewa mai ruwan raken bakin layinmu ne ke kai masa tsegumi, ni dai na fi zargin yatsun nan.

Ku da kuka san shi, ku yi haƙuri in ɗan yi wa waɗanda suka zo Alƙahira bayanmu bayani. Mu ɗaliban Najeriya muna da ƙungiyar bege a jami'armu, masu yabon Annabi da mandiri, ana ce mata Majalisar Saman Bene, saboda a rufin wani gida mai hawa shida muke zama duk Litinin da Alhamis bayan La'asar. Mun kai mu ashirin. Mutum ɗaya ne yake bayar da waƙa, sauran su yi amshi, wasu su riƙe mandiri. Shugaba kuwa Madugu ake kiransa, kuma Isiyaku mutumin Haɗeja shi ne Madugu na shida. Dogo ne siriri, jallabiyarsa ɗaya ruwan toka, ya shekara takwas yana digiri na biyu ba don daƙiƙanci ba, sai don majalisa ta cinye masa rai.

Ni kuwa Nasiru, da na sauka a ƙarshen 2011, abu ɗaya na zo nema a majalisar nan: bayarwa. A Gusau an san ni. Ba a yin walima a unguwarmu ba a miƙo min makirfo ba. Shekara huɗu aka ba ni na karatu, na kuwa ɗaura niyya ba zan bar Misira ba sai na tsaya a gaban majalisar nan na bayar, mutum ashirin suna amsa min. Ina tsammanin abin sati biyu ne.

Ranar farko na hau benen nan cikin fararen kaya, na sha turare, na lashi zuma. Na tarar da shi yana gasa mandiri a bakin risho don fatar ta miƙe. Na ce, "Malam, ni ne Nasiru na Gusau. Wataƙila ka ji labarina."

"Ban ji ba. Ce aaa."

Na saki wata aaa da sai da tattabarun maƙwabta suka tashi. Ya sa ɗan yatsa ya sosa kunne.

"Masha Allah. Lasifika. Je ka zauna can ƙarshe, kusa da agwagi."

Sunan da ya bi ni ke nan har yau, matata ma da shi take tsokanata. Agwagin kuwa na Ummu Sayyid ne, matar mai gadin gidan, wadda ke kiwonsu a kusurwar rufin. A gefensu aka karanta min ƙa'idar farko: sabon shiga ba ya buɗe baki sai ya yi zama arba'in yana tafi kawai. Ba waƙa, ba amshi, ba ko gunaguni. Aka ajiye min gwangwanin madara a gabana. Duk zaman da na kammala lafiya, Madugu ya jefa ƙwallon dabino ɗaya a ciki.

Na ce, "Arba'in? Sau biyu a sati? Ai wata biyar ke nan!"

Ya ce, "Ashe har lissafi ka iya. Yalla, tafa."

Haka na yi ta tafi kamar wanda ake biya. Mai bayarwa a lokacin shi ne Bashari, ɗan Katsina, mutumin kirki ƙwarai, amma muryarsa 'yar siririya ce, in ya ja baiti ni ina jin tawa tana tsalle a ƙirji tana neman hanya. Na daure har zama na talatin da ɗaya. Ranar nan Bashari ya ɗauko wani kari da nake mutuwar so, ban san sa'ad da wata 'yar "mmm" ta zille min ta hanci ba. Madugu ya ɗaga hannu. Mandiri suka tsaya cak. Ya taso a hankali, ya ɗauki gwangwanina, ya juye shi a aljihunsa.

"Daga ɗaya."

"Haba Madugu! Gyaran murya na yi!"

"Gyaran murya mai hawa da sauka? Har da ado a ƙarshe?"

Na nuna gefe. "Agwagwa ce."

"In agwagwar Ummu Sayyid ta iya haka, gobe ita za ta bayar."

Aka bushe da dariya, ni kuwa kamar in yi tsalle daga hawa na shida. Sai da na kusa wata tara kafin gwangwanin nan ya cika. Ranar karɓata aka zaunar da ni a tsakiya, aka ba ni yansun, wani shayi mai ƙamshi na Misirawa, a wani lanƙwasasshen kofin silba da kowane ɗan majalisa ya sha da shi ranar shigarsa. Sannan Madugu ya yi min tambayar da ake yi wa kowa: "Muryar wa ka fi so a majalisar nan?" Bashari ya riga ya raɗa min amsar tun a matakala, don haka na sunkuyar da kai na ce, "Ta na kusa da ni."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ƙarya kake. Amma ƙa'ida ta karɓa."

To, na zama ɗan amshi. Na ce bari in bi ta hanyar ladabi, ko zuciyarsa ta yi laushi. Shi ya sa ranar da fatar Goggo ta tsage na yi wuf na ce ni zan raka shi wajen mai gyara a kasuwar Ataba. Goggo ita ce babban mandirinmu, wadda Madugu na farko ya zo da ita daga gida. Tana da nata dokokin: ba ta taɓa ƙasa, ba a tsallaka ta, ba a sa ta a but ɗin mota. Muka shiga 'yar bas ɗin nan da suke kira mikrobas, Madugu ya biya kujera uku, ya zaunar da Goggo a bakin taga, ya gyara mata mayafinta. Ba mu yi nisa ba wani dattijo Bamisire mai tumbi ya shigo, ya duba ya ga ba wuri sai nata.

"Ya shehi, ɗauke gangarka in zauna."

"Ma'alish, yi haƙuri ya Hajji, ta biya."

"Ganga ta biya?"

"Shekararta kusan talatin a Misira, ba ta taɓa hawa cinyar kowa a mota ba. Ba za ta fara yau ba."

Direba ya juyo yana dariya, mata biyu a baya suka sa baki, motar ta kaure da gardama, rabi na bayan dattijo, rabi na bayan Goggo. Ina murna a raina yau Madugu ya haɗu da daidai shi. Sai kawai ya juyo gare ni.

"Lasifika, ba ka da kunya? Dattijo na tsaye kana zaune? Tashi."

A tsugune na ƙarasa Ataba a bakin ƙofa, gwiwata a haɓata, Goggo na can tana shan iska. Da muka isa, mai gyaran ya fito da fatar roba, ya ce ita ake yayi yanzu, ba ta san sanyi ba, ba ta san zafi ba, ba sai an gasa ta ba. Madugu ya ja Goggo jikinsa. Ya ce, "Abin da bai san sanyi da zafi ba, ina zai san bege?" Sai da muka yi sahu uku kafin aka samo fatar akuyar da ta gamshe shi, yana shinshina ta yana ƙwanƙwasawa. A hanyar komowa ta ƙarshe na ga fuskarsa a sake, na ce, "Madugu, maganar bayarwar nan fa?"

"Wani abu ya sami Bashari ne?"

"A'a."

"To, ka yi masa addu'ar ƙarin lafiya."

Wanda ya fi ci min rai kuwa shi ne na bazarar 2013, lokacin da gari ya rikice da zanga-zanga da juyin mulki. Kun tuna yadda aka yi. Iyaye suka yi ta kira daga gida, wasu suka tattara suka tafi, waɗanda suka rage suka kulle kansu a ɗaki. Bashari ma ya tafi Katsina. Ni gidanmu na jikin benen, don haka ranar Alhamis bayan La'asar na ce bari in leƙa, ko don in ga agwagi. Me zan gani? Madugu shi kaɗai, ya shimfiɗa tabarmi duka, ya kunna risho, yansun na tafasa.

"Ka makara da minti huɗu. Zauna."

Ya buɗe zama kamar mutum ashirin ne a gabansa. Ya jero sunayen Madugan da suka gabata ɗaya bayan ɗaya, ina cewa "Allah ya saka" ni kaɗai. Ya sha yansun ya miƙo min kofi. Sannan ya ɗauko takardar suna.

"Bashari?"

"Madugu, ai kai ka raka shi filin jirgi."

"Ƙa'ida ta ce a kira. Bashari?"

Sai da ya kira mutum goma sha tara, yana ɗan dakatawa bayan kowane suna. Ni kuwa murna ta cika ni. Yau dai, na ce, yau Allah ya kawo ni. Ba Bashari, ba kowa. Na gyara zama, na gyara hula.

"Madugu, tunda mai bayarwa ba ya nan..."

"Ba ya nan."

"Ga ni."

"Kai ɗan amshi ne. In ka bayar, wa zai amsa?"

"Kai mana!"

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "Madugu ba ya waƙa. Madugu kunne ne. Ka taɓa jin bakina a majalisar nan?"

Sai a lokacin na lura, kusan shekara biyu ina tare da shi, ban taɓa ji ba. Na ce to yaya za a yi ke nan, a tashi? Ya ce wa ya ce a tashi. Ya ɗauki mandiri ya fara bugawa. Inda Bashari ya saba bayarwa, sai mu yi shiru, mandiri kawai ke tafiya. In baitin ya ƙare a lissafinsa, ya ɗaga min gira, in zabga amshi ni kaɗai. Shiru, amshi. Shiru, amshi. Awa guda cur! Ummu Sayyid ta hau da dusar agwagi, ta tsaya ta saurara, ta ce, "Ya ɗana, rediyon naku ɗaukewa yake yi?"

Na ji haushi ranar nan har idona ya kawo ruwa. Amma zan faɗi gaskiya tunda mai abin ya tafi: wajen baiti na goma, na fara jin muryar Bashari a cikin shirun nan, har inda yake jan numfashi, na daina jiran girar Madugu. Haka muka yi sati shida mu biyu, har mutane suka fara dawowa. Da yawa sun ce sun ɗauka majalisa ta mutu, sai suka jiyo mandiri daga titi.

Wannan bai hana ni yin tawaye ba. A 2014 na duba na ga saura min shekara ɗaya da 'yan watanni, har yanzu ina amshi. Na ja mutum biyar muka ɓalle. Muka samo wani mai fiyano, muka ce mu 'yan zamani ne, ba zama arba'in, ba yansun, ba gasa fata, kowa ya sha abin da ya ga dama. Na aika wa Madugu saƙo mai zafi, ya aiko da amsa kalma ɗaya ta Larabci: "Tamam," wato to madalla. Ba a jima ba Baba Adamu, wani dattijo Bahaushen Sudan da ke son ɗalibai, ya gayyace mu sunan jikansa. Ni zan bayar. Jajibirin ranar, don murnar 'yanci, na tsaya wajen mai ruwan rake na ce ya cika ƙanƙara kada ya ji tsoro.

Da safe na buɗe baki in yi wa abokin ɗakina magana, sai iska. Innalillahi! Na sha zuma, na sha citta, na sha ruwan zafi har harshena ya sale, ko ƙyas. Haka na tafi gidan suna ina nuni da hannu. Da sauran biyar suka ga kujera ta faɗi, kowa ya ce shi ne magaji. Makirfo biyu, mutum biyar. Wannan ya fara baiti, wancan ya fara wani, mai fiyano ya kama hanyarsa daban. Amshi kuwa babu mai yi, don duk wanda ya biyo ni ya biyo ni ne saboda ya gaji da amshi. Baba Adamu ya sunkuyar da kai, baƙinsa suka fara kallon juna. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba.

Ashe Madugu na cikin baƙi, a kusurwa, yana cin asida, tuwon nan na Sudan. Ya side yatsunsa tsaf, ya wanke hannu, ya fara tafi. A hankali, ɗaya bayan ɗaya, irin tafin da ya sa mu yi wata da watanni. Hannuwanmu suka bi shi da kansu. Dattawan Sudan suka kama, mata daga ɗaki suka kama, ya nuna mutum ɗaya da haɓa ya ce ya bayar, ya harari sauran suka koma amshi. Mai fiyano ya zare wayarsa da kansa. Aka tashi taro ana sa mana albarka.

A bakin ƙofa ya tare ni, yatsu biyu a wuya.

"Ce aaa."

Na buɗe baki, iska ta fito.

"Kofi uku."

Na ɗaga yatsu huɗu.

"Allah ya shirye ka. Litinin bayan La'asar."

Ranar Litinin muka hau mu shida muna raɓe-raɓe. Bai yi mana faɗa ba, ko kalma ɗaya. Gwangwanin madara shida kawai muka tarar a jere kusa da agwagi.

Na gama wannan arba'in ɗin a ƙarshen shekara. Tsakiyar 2015 kuma abin mamaki ya faru: Madugu ya kammala digirinsa. Malaminsa ma an ce sai da ya rungume shi don murnar rabuwa. Aka sa ranar sauka. Nan na zauna na yi lissafi, na ji daɗi ya rufe ni. Kowa ya san Bashari ne zai gaje shi. Madugu kuwa ba ya waƙa. Ke nan kujerar bayarwa za ta zama babu kowa, ga ni kuma da wata shida a hannu. Sati guda ina shan zuma, ko ruwan randa sai na ɗumama.

Babu wanda ya taɓa ganin saukar Madugu a cikinmu, don Isiyaku ya riga kowa zuwa. Shi ya faɗa mana yadda ake yi: Madugu mai sauka zai miƙe ya bayar da baiti ɗaya tak, shi ne na farkonsa kuma na ƙarshe, sannan ya ɗora Goggo a cinyar magajinsa. Muka natsu. Shekara da shekaru ana raɗe-raɗin muryarsa, wasu na cewa ɓoye ta yake don kada ya kashe wa kowa kasuwa.

Ya miƙe, ya rufe ido, ya buɗe baki.

Jama'a! Kun san ƙarar tsohuwar ƙofar langa-langa? To ita. Bai hau inda ake hawa ba, bai sauka inda ake sauka ba. Agwagi suka ruga bayan tankin ruwa. Bashari ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa na rawa. Muka yi amshi da ƙyar, rabinmu na tari. Shi kuwa ya kai baitinsa har ƙarshe bai rage ko harafi ba, ya buɗe ido.

"Kun ji? To ku yi dariyarku, ƙa'ida ba ta hana ba."

Muka fashe, har da masu kwanciya a tabarma. Ina cikin share hawaye na ji nauyi a cinyata. Na duba. Goggo.

"Madugu, ka yi kuskure. Ga Bashari can."

"Na gan shi."

"Amma ai Madugu ba ya waƙa!"

"Tamam."

Wallahi ban san sa'ad da aka yi addu'a aka shafa ba. Na miƙa wa Bashari Goggo, na bi Isiyaku matakala ina masifa tun daga hawa na shida. Na ce mugunta ce. Na ce tun ranar farko ya tsane ni. Na ce shekara uku da rabi ina jira, sai da ƙofa ta buɗe ya sa ƙafa ya rufe. Sai a hawa na biyu ya tsaya ya jingina da bango.

"Lasifika, zama nawa ka yi kana tafi?"

"Ka fi ni sani."

"Talatin da ɗaya, da arba'in, da arba'in. Ɗari da sha ɗaya. Tun da aka kafa majalisar nan ba a taɓa samun wanda ya saurara kamarka ba, ko da yake dole aka yi maka. Bashari in na ɗora shi, na yi asarar mai bayarwa, kuma ba zai iya ɗaga wa kowa hannu ba, kunya gare shi. Kai kuwa ba ka da ita."

"Wannan yabo ne ko zagi?"

"Kuma ranar da kowa ya gudu, kai ka hau."

Ban taɓa zaton ya riƙe wannan ba. Ya dafa kafaɗata.

"Ranar saukarka kana da baiti ɗaya. Ka tanade shi. Khalas, shi ke nan, koma, jama'arka na jira."

Sati biyu bayan nan ya tafi Haɗeja. Ni kuma na zama abin da nake zagi. Na sayi gwangwanaye. Na ɗaga hannu na tsayar da mandiri saboda wani ya riga amshi da rabin numfashi. Na mayar da wani ɗan Bauchi daga ɗaya a zama na ashirin da shida, yana rantsuwa yana cewa atishawa ya yi. Baitina kuwa na zaɓe shi tun a watan farko, kullum ina bitarsa a banɗaki, na san inda zan hau, na san inda zan karya murya har sai an yi kabbara.

Saura kwana uku ranar saukata aka kira Bashari a waya daga Haɗeja, aka ce Isiyaku ya rasu. Zazzaɓi ne na kwana biyu, aka kai shi asibiti, bai kwana ba. Ko auren da aka sa masa rana ba a kai ga ɗaurawa ba.

Jama'a suka ce a ɗaga zaman. Na ce ban san inda ƙa'ida ta ce haka ba. Ranar Alhamis bayan La'asar muka hau, rufin ya cika har da waɗanda ba 'yan majalisa ba, Ummu Sayyid na tsaye a bakin matakala da baƙin mayafi. Aka yi komai yadda ake yi. Lokaci ya yi, na miƙe. Shekara huɗu ina jiran wannan tsayuwar. Mandiri suka ɗauka, mutum fiye da ashirin suka zuba min ido, na ja numfashi na buɗe baki.

Kalma uku na farko suka fito a karkace. Ta huɗu ta maƙale. Na sake jan numfashi, abin da ya fito ko ɗan akuya ba zai yarda nasa ne ba. Na kai rabin baiti da ƙyar, hawaye na shiga min baki, na tsaya. Wurin ya yi tsit. A cikin shirun nan ne ɗan Bauchin nan ya karkata wajen Bashari, yana tsammanin raɗa yake yi, alhali kowa na ji.

"Wai wannan ne Lasifikar da ake ta faɗa?"

Bashari ya share ido da hannun riga, ya ce, "Shi ne. Duk Madugai haka suke."

Aka fashe da dariya ana kuka, ni ma haka, har na kasa tsayuwa na zauna. Iyakar bayarwar da na yi a ƙasar Misira ke nan, rabin baiti, kuma ba wanda ya yi kabbara. Na yi fushi da Isiyaku shekara huɗu, yau kuwa da za a dawo min da shi, da na koma kusa da agwagi na fara daga ɗaya ba tare da an ce min ba.

Allah ya ji ƙan Isiyaku, ya yafe masa, ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Ya Allah, bawan nan naka ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tara mutane su yabi Annabinka, shi yana gefe bakinsa a rufe. Ka sada shi da wanda yake so. Ka ba shi muryar da bai samu a nan ba, a bar shi ya bayar har ya gaji. Amin.